Tudun Mun Tsira da Ruwa Ya Ci

Har zuwa tsakiyar watan Satumba na 2024, idan aka yi zancen inda Ba'amurke zai kwashi iyalinsa ya koma don ya huta da fargabar bala'i, sunan Asheville yana cikin waɗanda ake fara ambata. Birni ne a gundumar Buncombe, yammacin jihar Karolina ta Arewa, a cikin duwatsun Appalachia. Yana bisa tudun da ya ɗara teku da fiye da mita 600, kuma tsakaninsa da gaɓa tafiyar ɗaruruwan kilomita ce. Babu zafin Arizona, babu gobarar dajin Kalifoniya, guguwar da ke addabar Filorida kuwa sai dai a gan ta a talabijin. Ga ruwan sama isasshe, ga ƙoramu ko ta ina, ga itacen girki da na jin ɗumi. Jaridu da dillalan gidaje suka riƙa kiran yankin mafakar masu gudun sauyin yanayi. Mutane suka sayar da gidajensu na birni, suka sayi 'yan eka biyar ko goma a lungunan duwatsu, suka kafa akurkin kaji, suka haƙa rijiya, suka ɗauka sun hau tudun mun tsira.

Ran 26 ga watan da dare guguwar Helene ta afka wa gaɓar Filorida, ta miƙo arewa a guje. Kafin ta iso an riga an kwana biyu ana tafka ruwa a duwatsun, ƙasa ta sha ta ƙoshi, ba ta da inda za ta sa ƙari. A wani ƙauye mai suna Busick, a gundumar Yancey da ke maƙwabtaka, an auna ruwan da ya kai kusan milimita 780 cikin kwana uku, abin da ya kusa ruwan daminar Kano guda. Kogin French Broad da ya ratsa Asheville ya cika ya kai tsayin mita bakwai da rabi. Gefen duwatsu ya riƙa zaftarowa, laka da itatuwa da manyan duwatsu suna gangarowa ta kwazazzabai. Masana sun ƙirga zaftarewar ƙasa wajen 2,000. A Garren Creek, cikin Buncombe, zaftarewa ta kashe mutum 13, kuma 11 daga cikinsu dangi ɗaya ne. A jihar baki ɗaya fiye da mutum 100 suka rasu, sama da 40 a Buncombe kaɗai. Babbar hanyar I-40 ta rufta cikin kogin Pigeon, ba a sake bi ta wurin ba sai a watan Maris na 2025. Birnin Asheville ya yi kwana 53 babu ruwan famfo mai shayuwa.

Ɓarna irin wannan an sha gani a duniya. Abin da ya sa Buncombe ta cancanci a tsaya a kanta shi ne, da yawa daga baƙin da suka koma can ba da ka suka koma ba. Sun yi bincike, sun kwatanta wurare, sun jera sharuɗɗa, gundumar ta ci jarrabawarsu. Ke nan ko dai ma'aunin ne da matsala, ko masu awon. Ni a ganina duka biyun ne, kuma matsalar ta girmi duk wanda ke raye a yau.

Amurka tana da gundumomi fiye da 3,100. Gunduma a can ta yi kama da ƙaramar hukuma a wurinmu, sai dai tana da haƙora. Ita ke karɓar harajin gida da fili, ita ke ba da izinin gini da na haƙa ramin masai, ita ke cewa ga inda za a yi kiwo ga inda ba za a yi ba. Babban jami'in tsaronta, sherif, zaɓensa ake yi. A jihohi da yawa ita ke kula da hanyoyin karkara, kuma tana da ofishin shirin ko-ta-kwana. Shi ya sa mai son barin birni ya koma gona ya ci da guminsa, wanda ya noma abincinsa, ya kiwata dabbobinsa, ya samar wa kansa ruwa da lantarki, ba jiha kaɗai yake zaɓa ba, gunduma yake zaɓa. Wannan sha'awa tsohuwa ce, ta taɓa tashe a shekarun 1970, ta sake tashi bayan annobar korona ta 2020, lokacin da mutane suka ga kantuna wayam kuma suka gane ana iya aikin ofis daga ko'ina in dai akwai intanet.

A gefen masu wannan sha'awa akwai wasu da tsoro ne ya fi kora su, masu tara abincin gwangwani da harsasai suna jiran ranar da komai zai rushe. Suna da malamansu. Joel Skousen ya rubuta littafi sukutum a kan inda ya kamata mutum ya yi ƙaura. James Wesley Rawles kuwa a 2011 ya yi kira ga mabiyansa su tattara su koma Idaho da Montana da Wyoming da gabashin jihohin Oregon da Washington. Idan ka duba irin tambayoyin da waɗannan mutane ke yi wa gunduma, kusan iri ɗaya ne. Nawa ne kuɗin eka? Nawa ne haraji? Ana tilasta neman izinin gini? Dokar bindiga tana da sauƙi? Za a bar ni in koyar da 'ya'yana a gida? Mutum nawa ne a kowace murabba'in mil? Babban birni mafi kusa, motar da aka cika wa tanki za ta iya kawo mazaunansa ƙofata idan yunwa ta koro su? Akwai tashar nukiliya ko sansanin soja a kusa? Daga nan sai a ɗan taɓa zancen tsawon damina da kyan ƙasa.

Ka lura da abin da ya haɗa yawancin tambayoyin. Mutane ake gudu, da hukuma. A wannan lissafi, gundumar da ta fi ƙarancin jama'a, ta fi sakacin doka, ta fi arahar haraji, ita ce ta ɗaya. To amma bala'in da ke zuwa wa mazauna karkarar Amurka shekara da shekaru ba gungun mayunwata ne daga birni ba. Ruwa ne, ko rashinsa, ko wuta. Kuma idan ɗayansu ya zo, abubuwan nan da aka gudo dominsu su ake fara nema.

Tarihinsu ma ya isa ya koya musu. A ran 20 ga Mayu 1862 Shugaba Abraham Lincoln ya sa hannu a dokar da ta ba duk magidancin da ya nema eka 160, kimanin hekta 65, a kan kuɗin takarda dala 18. Sharaɗin shi ne ya zauna a kai shekara biyar, ya gina gida, ya noma. Filayen, a faɗi gaskiya, na 'yan asalin ƙasar ne da aka kora da bakin bindiga. Kafin a soke dokar a 1976, da ƙarin shekara goma ga Alaska, an raba eka miliyan 270, kashi goma cikin ɗari na ƙasar. Mutum wajen miliyan 1.6 suka kai ga karɓar takardar mallaka. Waɗanda suka fara suka kasa, suka tattara komatsansu suka bar filin, su ma suna da ɗimbin yawa.

Akwai wanda ya hango hakan. John Wesley Powell, tsohon soja da ya rasa hannunsa na dama a yaƙin basasa, ya zagaya yammacin ƙasar ya auna ta, a 1878 ya miƙa wa majalisa rahoto. Ya ce akwai wani layi da ya raba ƙasar biyu daga arewa zuwa kudu, wanda yamma da shi ruwan sama bai cika kai milimita 500 a shekara ba, kwatankwacin abin da Maraɗi ke samu. A irin wannan ƙasa, in ji shi, eka 160 ba ta riƙe iyali; makiyayi yana bukatar eka 2,560, manomi kuwa sai da ban ruwa. Ya kuma ba da shawarar da har yau ba a fi ta ba: a shata iyakokin mulki bisa magudanar ruwa, yadda masu shan kogi ɗaya za su zama ƙarƙashin hukuma ɗaya, su raba ruwan da kansu. Aka yi biris da shi. Kamfanonin jirgin ƙasa da dillalan filaye sun fi son wata magana da ke yawo a lokacin, wai ruwan sama garma yake bi, in ka nome ƙasa hadari zai zo da kansa. Gundumomi aka shata su da rula, murabba'i bayan murabba'i, ba ruwan mai zanen da inda kogi ya nufa.

Gundumar Cimarron, a ƙuryar yammacin Oklahoma, ita ce misalin da ya fi tsaya mini a rai. Hedikwatarta, Boise City, a kan ƙarya aka kafa ta. A 1908 wasu 'yan damfara suka buga takardun talla masu hoton tituna da itatuwa da rijiyoyi masu feshin ruwa, suka sayar da filaye wajen 3,000 ga mutanen da ba su taɓa taka wurin ba. Da masu sayen suka iso, fili suka tarar fetal, babu ko bishiya. 'Yan damfarar sun ƙare a kurkuku, amma mutanen sun riga sun zo, suka zauna. Aka yi sa'ar shekaru masu ruwa, alkama ta yi kuɗi a lokacin yaƙin duniya na ɗaya, tarakta ta shigo, aka kwashe ciyawar da ta riƙe ƙasar tun fil azal. Da fari ya sauka a shekarun 1930, ƙasar gonar ta tashi sama. Mata suna jiƙa zannuwan gado suna rataya wa tagogi, yara suna mutuwa da ciwon huhu saboda ƙura, shanu idan an yanka su a tarar da ƙasa a cikinsu. Ran Lahadi 14 ga Afrilu 1935 ƙura ta rufe rana da yamma. A ƙarshen wannan watan ne majalisa ta kafa hukumar kare ƙasar noma. Mutanen da suka je can don su zama sarakunan kansu, gwamnatin tarayya ce ta sayi shanunsu da suka rame, ta biya su don su bar wasu gonaki su huta.

Kuskurensu guda ne: sun auna wuri da shekarun da suka tarar da shi. Shekara goma masu kyau suka ɗauka su ne halin ƙasar. Irin wannan kuskuren aka maimaita a Buncombe, sai dai can fari ne, nan ambaliya. Domin abin da ya faru a 2024 ba sabo ba ne. A watan Yuli na 1916 guguwa biyu suka biyo juna suka zubar da ruwansu a kan waɗannan duwatsun, kogin French Broad ya kai mita bakwai a Asheville, gadoji da layin dogo suka tafi, mutane da dama suka mutu. A Altapass, a cikin duwatsun, an auna ruwan da ya haura milimita 560 cikin awa 24. An sake yi a 1940. A Satumba na 2004 guguwar Frances da ta Ivan suka zo a jere, zaftarewar ƙasa a Peeks Creek, gundumar Macon, ta kashe mutum biyar. Duk wannan yana rubuce, akwai hotuna a ɗakin karatun gunduma, akwai tsofaffin da iyayensu suka ba su labari.

Abin da ya biyo bayan 2004 ya fi komai nuna inda gizo ke saƙa. Majalisar jihar Karolina ta Arewa ta ba masana ilimin duwatsu kuɗi su zana taswirar wuraren da ke iya zaftarewa, gunduma bayan gunduma. Sun gama huɗu, har da Buncombe, sai a 2011 majalisa ta yanke kuɗin aikin. Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa masu harkar gine-gine da sayar da filaye ba sa ƙaunar taswirar da za ta ce wa mai saye ga haɗari a bayan gidan da ake tallata masa. Sai a 2018 aka dawo da aikin. Wato dai taswirar Buncombe tana nan tun shekaru kafin Helene, kyauta, ga duk wanda ya nema. Mutum nawa ne cikin masu lissafin nisan tashar nukiliya suka buɗe ta?

A nan ne ma'aunin gunduma yake yaudara. Hukumar agajin gaggawa ta tarayya, FEMA, tana da wani jadawali da ke ba kowace gunduma maki a kan bala'o'i iri 18, daga girgizar ƙasa zuwa ƙanƙara. Aiki ne mai amfani ga mai tsara kasafin kuɗi. Ga mai sayen eka goma kuwa, kaɗan yake gaya masa. Gunduma ɗaya tana ɗauke da gida a kan doron tudu da ko tsakar gidansa bai jiƙe ba, da wani a bakin kwazazzabo, tafiyar minti biyar tsakaninsu, wanda ko tubalinsa ba a samu ba. Taswirar ambaliya ta hukumar ma manyan koguna ta fi kula da su. 'Yar ƙoramar da yaro ke tsallakewa da rani, wadda dillali ke nuna wa mai saye a matsayin ado, sau da yawa ba ta cikin lissafi, kuma irinta ce ta cinye gidaje da yawa. Saboda taswira ta ce ba sa cikin haɗari, waɗanda ke da inshorar ambaliya a Buncombe ba su kai gida ɗaya cikin ɗari ba. Inshorar gida ta yau da kullum kuwa ba ta biyan ɓarnar ambaliya, ba ta biyan ta zaftarewar ƙasa.

Saboda haka zancen ƙasa da ruwa ba a yin sa da gunduma, da fili ake yin sa. A taka shi da ƙafa, in da hali ana tsakiyar ruwa. A duba manyan duwatsun da ke zube a bakin kwari, a tambayi kai me ya kawo su nan, domin ba tsirowa suka yi ba. A duba itatuwan gangare ko sun karkace. A nemi mutumin da ya fi kowa daɗewa a lungun a tambaye shi inda ruwa ya tsaya a shekarar da ya fi yawa, da dalilin da ya sa tsofaffin gidaje duk suke can sama alhali fili mai kyau yana nan ƙasa babu kowa. Masu karatu a Maiduguri ba sa bukatar a yi musu dogon bayani: madatsar Alau da ta ɓalle ran 10 ga Satumba 2024, makonni biyu da 'yan kwanaki kafin Helene, ta taɓa yin haka a 1994, kuma cikin shekara talatin ɗin da ke tsakani an cika hanyar ruwa da gine-gine.

Inda gunduma take da muhimmanci na gaske shi ne wajen doka da aiki, kuma a nan ne masu awon suke karanta ma'auni a baibai. Dubi gundumar Cochise a kudu maso gabashin Arizona. Ta yi suna a wurin masu son zaman gona domin tana da wata ƙa'ida da ta yarda mai eka huɗu ko fiye ya gina gidansa da hannunsa ba tare da jami'i ya zo duba aikin ba. Fili da araha, rana isasshiya ga mai sola, ba mai sa maka ido. Amma araha ba ta ado. Dokar ruwan ƙarƙashin ƙasa da Arizona ta yi a 1980 ta taƙaita ne ga wasu yankuna, irin su Phoenix da Tucson. A kwarin Willcox da ke yankin, a lokacin kowa yana iya zuƙar iya abin da injinsa zai ɗauka. Sai manyan gonakin 'ya'yan itace da wani katafaren kamfanin madara daga Minnesota suka shigo, suka haƙa rijiyoyin burtsatse masu zurfin ɗaruruwan mita. Ruwa ya yi ƙasa. Rijiyoyin ƙananan gidaje suka fara jan iska, ƙasa ta riƙa tsagewa har tana yanke tituna. Ƙara wa rijiya zurfi aikin dubban daloli ne, wanda ba shi da su sai ya koma sayen ruwa a tanka.

A 2022 aka ba mazauna damar jefa ƙuri'a ko a sa wa ruwan doka. Na kwarin Douglas suka amince, na Willcox suka ƙi. Sai a Disamba 2024 gwamnatin jihar ta sa dokar da kanta. Sakacin dokar da ya bar ƙaramin mutum ya gina ɗakinsa yadda ya ga dama, shi ne ya bar babban ya shanye ruwan da ke ƙarƙashin ɗakin. Wanda ya ba Cochise maki mai yawa saboda ba ta takura wa kowa bai tambayi kansa wa kuma ba ta takura wa ba.

A Kolorado kuma akasin haka ne, doka ce ta yi yawa har ta ba baƙo mamaki. Ruwa a can na wanda ya riga fara amfani da shi ne, ko da ta tsakiyar gonarka ya ratsa. Sai a 2016 aka halatta wa yawancin magidanta tarar ruwan rufin ɗakinsu, shi ma ganga biyu kacal. Mai filin da bai kai eka 35 ba yawanci rijiyar amfanin cikin gida kawai ake ba shi izini, ba ta ban ruwa ko shayar da dabbobi ba. A gundumar Costilla an yanka dubban filaye masu eka biyar-biyar ana sayarwa ga mutanen da suka gan su a hoto. Tsakanin wannan da Boise City ta 1908 bambancin bai wuce na zamani ba.

Sai hanya. Garin Paradise a gundumar Butte, Kalifoniya, yana kan doron tudu cikin daji, hanyoyin fita 'yan kaɗan. Bayan gobarar 2008 wani kwamitin bincike na gundumar ya yi gargaɗi a rubuce cewa hanyoyin ba za su iya kwashe jama'a ba. Ran 8 ga Nuwamba 2018 wayar lantarki ta tayar da wuta, iska ta kora ta, mutum 85 suka mutu, wasu a cikin motocinsu a cunkoso. Lungun da hanya ɗaya ce ke shigarsa, wanda littattafan masu shirin ko-ta-kwana ke yabawa saboda sauƙin tsarewa, hanya ɗaya ce kuma ke fita daga cikinsa. Mai son sanin gaskiyar haɗarin wuri, kafin ya biya kuɗin fili ya tambayi kamfanin inshora nawa zai karɓa. Su ba su da abin ɓoyewa, kuɗinsu ne a ciki. Lokacin da kamfanin inshora na State Farm ya daina karɓar sababbin gidaje a Kalifoniya a 2023, ya faɗi abin da babu dillalin da zai faɗa.

Mu koma duwatsun Karolina, mu ga kwanakin farko bayan ruwa ya janye. Ka ɗauki gidan da ya yi duk abin da littafi ya ce. Akwai rijiyar burtsatse, amma injinta da lantarki yake aiki, turakun wuta kuwa suna kwance a cikin laka, wasu wurare har makonni. Akwai janareta, man da ke ciki na kwana uku ne, gidan mai kuma ba wuta, ba ya karɓar kati sai tsabar kuɗi. Naman da aka tara a firiza ya fara wari. Waya ba sabis. Mota tana nan lafiya lau, sai dai gadar da ta haɗa gidan da titi, wadda mai gidan ne ya gina ta da kuɗinsa, ta bi ruwa. Idan akwai mai ciwon suga a gidan, maganinsa yana bukatar sanyi. Bindigogin da ke cikin kabad babu abin da za su yi wa ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Waɗanda suka fara isowa maƙwabta ne, masu tarakta da injin yankan itace, suna sare itatuwan da suka faɗo suna buɗe hanya taku bayan taku. Ofisoshin 'yan kwana-kwana na karkara, waɗanda akasarin ma'aikatansu 'yan sa-kai ne, da majami'u, su suka zama wurin rabon abinci da ruwa da jin labarin wanda ya ɓata. Masu rediyon hannu suka riƙa isar da saƙonni ta na'urar da ke kan dutsen Mitchell, suna karanto sunayen waɗanda aka samu da rai. Inda mota ba ta zuwa, alfadarai aka ɗora wa kaya. Daga baya jiragen soja masu saukar ungulu suka zo, da ma'aikatan lantarki daga wasu jihohi har da Kanada. A duk wannan, wanda aka san da zamansa shi aka fara nema. Wanda ya sayi ƙarshen lungu, ya kafa allon gargaɗi a ƙofa, bai taɓa gaisawa da kowa ba, ya samu abin da ya biya kuɗi dominsa: ba wanda ya san yana can.

Wannan ba zancen daɗin baki ba ne, an bincika shi. Wani masani, Eric Klinenberg, ya nazarci zafin da ya kashe mutum fiye da 700 a Shikago a 1995, ya tarar da unguwanni biyu maƙwabta, talaucinsu kusan ɗaya, amma mace-macen ɗaya ya ninka na ɗayar sau da yawa. Inda tituna ke da rai, da shaguna, da mutanen da suka san juna, tsofaffi sun fito an gan su. Inda kowa ya kulle ƙofa don tsoro, a ɗaki suka mutu. Wani masanin kuma, Daniel Aldrich, ya samu makamancin haka a garuruwan gaɓar Japan bayan igiyar ruwan 2011.

Ba ina cewa tanadi banza ba ne. Gidajen da ke da idon ruwa mai gangarowa da kansa, da murhun itace, da famfon hannu, da buhunan abinci, sun sha wuya kaɗan, kuma da yawansu su suka ciyar da lungunsu. Tsofaffin iyalan duwatsun, waɗanda ba su taɓa karanta littafin kowa ba, sun fi baƙi shiri nesa ba kusa ba. Bambancin yana ga niyya. Akwai mai tanadi don kada ya zama nauyi a kan jama'a, akwai mai tanadi don ya rabu da jama'a. Na biyun ne ke zaɓen gunduma da tambayoyin da muka gani, kuma su ne ke kai shi inda haraji ya yi arahar da ba ta iya sayen motar kashe gobara.

Domin haraji mai araha yana da fassara a aikace. Yana nufin motar asibiti guda ga yanki mai faɗi, kwalbatin da ba a sauya ba tun zamanin kakanni, jami'in ko-ta-kwana da ke haɗa aikin da wasu ayyuka biyu. Asibitocin karkara fiye da 100 sun rufe ko sun daina kwantar da marasa lafiya a Amurka tun daga 2010, kuma mai aiki da gatari da tarakta da dabbobi ya fi ma'aikacin ofis kusa da ɗakin tiyata. Da ni ake shawara, da na ce a ajiye jadawalin maki, a je zaman majalisar gunduma a ji abin da suke gardama a kai, a leƙa ofishin 'yan kwana-kwana a ga shekarun waɗanda ke ciki da ko matasa suna shiga, a tambaya ko gundumar tana hana gini a gangare mai tsanani ko kuwa kowa tasa ta fisshe shi. Gundumar da ta ce maka a'a a kan wani fili ta yi maka abin da dillali ba zai yi ba.

Da wannan ma'aunin, Buncombe ba ta faɗi warwas ba. Tana da babban asibiti, tana da ma'aikata, tana da taswira, tana da jama'ar da suka tashi tsaye. Akwai filaye a cikinta da har gobe sun dace da mai son zaman gona, akwai kuma waɗanda bai kamata a sake kafa ko rumfa a kansu ba, kuma an san su. Ƙananan gundumomin da ke kewaye da ita, irin su Yancey da Mitchell, masu ƙarancin jama'a da ƙarancin kuɗin shiga, waɗanda a lissafin masu gudun birni sun fi ta maki, ɓarnar da suka samu ta fi ƙarfin aljihunsu nesa ba kusa ba. Ofishin kasafin kuɗin jihar ya ƙiyasta asarar da bukatun gyara a kan kusan dala biliyan 60. Cikin abubuwan da suka fi wuyar warwarewa har da dubban hanyoyi da gadoji masu zaman kansu, waɗanda bisa doka ba na gwamnati ba ne, gyaransu kuma ya fi ƙarfin masu su. A watan Maris na 2025 majalisar jihar ta ware dala miliyan 100 dominsu, aka buɗe rajista, masu gidaje suka shiga layi.